Yadda ɗan kasuwar Chadi da arewacin Kamaru zai kai riɗi kasuwar ƙasar Sin

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Garwa, Marwa da Injamena sun saba zuwa Guangzhou su saro wayoyi da atamfa, amma kaɗan ne suka yi tunanin su ma suna da abin sayarwa a can. Ƙasar Sin tana cikin manyan masu sayen riɗi a duniya, kuma tun ranar 1 ga Disamba 2024 ta janye harajin shigo da kaya ga ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba da ke da hulɗar jakadanci da ita, Chadi kuwa tana cikinsu.

Aikin yana farawa ne tun daga kasuwar ƙauye, a yankunan Mundu da Sar na kudancin Chadi, inda ake auna riɗi. Mai saye a Sin ba ya yafe tsakuwa da ƙasa da danshi, saboda haka wajibi ne a sheƙe shi, a rairaye, a shanya a kan tamfol har ya bushe sarai, kuma kada a gauraya fari da ja a buhu ɗaya don cika awo. A ganina, nan ne mafi yawan ciniki yake lalacewa, domin samfurin da aka aika ya kan fi kayan da aka loda kyau, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake kira.

Sannan a yi rajistar kamfani, a nemi takardar shaidar asalin kaya da ta lafiyar tsirrai, a kuma tabbatar ta hannun mai sayen cewa hukumar duwan ta Sin ta amince da shigar wannan kaya daga ƙasar da aka nome shi. Dokar musayar kuɗi ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta tanadi a bi da cinikin ta banki, a kuma dawo da kuɗin gida, don haka a nemi mai saye ya buɗe takardar lamunin banki maimakon alkawarin baki ta manhajar aika saƙo ta WeChat.

Hanya ma kuɗi ce. Kaya za su tsallaka gadar Ngeli daga Injamena zuwa Kusiri a Kamaru, su bi Marwa da Garwa har Ngaundare, daga nan jirgin ƙasa ya kai su tashar jiragen ruwa ta Duwala, kuma dole a lissafa kuɗin mota, sito da jinkirin tasha kafin a faɗi farashi. Wanda jarinsa bai kai cika kwantena ba, sai ya haɗa kai da mutum biyu ko uku amintattu.

Don samun masu saye, baje kolin kayayyakin shigowa da ake yi a Shanghai kowane watan Nuwamba tun 2018 ya fi na Canton da ake yi a Guangzhou dacewa da mai sayarwa. A tafi da samfur a ƙananan ledoji, da tafinta na ƙashin kai wanda ba mai sayen ne yake biyansa ba.