Darasi: Amfanin Tana a Ƙasar da Gubar Ƙarfe ta Gurɓata

A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, ciki har da Dareta da Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. A Kano kuma, ruwan dattin masana'antun jima na Sharada da Challawa yana ɗauke da kuromiyam, ga shi wasu masu noman rani da shi suke ban ruwa. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, wuta ba ta cinye su, sai dai su zauna a ƙasa shekara da shekaru, su shiga ganyen miya, daga nan su shiga jikin mutum.

Ita tana, wadda manomi ke gani bayan ruwan sama, ƙasa take haɗiyewa tare da ruɓaɓɓen ganye. Wani ɓangare na ƙarfen da ke cikin ƙasar yakan maƙale a naman da ke kewaye da hanjinta, inda jikinta ke ɗaure shi don kada ya kashe ta. Ta fi tara kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, fiye da dalma.

Wanda zai gwada rage gubar ƙasa da tana sai ya jiƙa filin, ya zuba tsohon kashin shanu, ya rufe da ciyawa, domin tana ba ta jure zafin rana ko busasshiyar ƙasa. Bayan wasu watanni sai a ajiye tulin jiƙaƙƙen taki a gefe, idan ta taru a ciki a kwashe. Kwasar nan ita ce aikin, don muddin ta mutu a wurin, gubar ta koma inda ta fito. Kada a ba kaji ko agwagi ita, kada a ɗana ƙugiya da ita. A binne ta a rami mai zurfi, nesa da rijiya, sannan a wanke hannu da sabulu.

Wannan hanya tana da jinkiri, kuma ta dace ne da ƙasar da gubarta ba ta yi yawa ba. A Bagega, wani ƙauyen Zamfara da gubar dalma ta yi yawa, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a 2013 aka zuba sabuwa. Kafin a shuka alayyafo ko latas a filin da aka yi wa aiki, wajibi ne a kai ƙasar ɗakin gwaji a auna ta.