Gwajin kyauta a intanet: yadda za ka hana a riƙa zarar maka kuɗi

Idan manhaja ko wani shafi ya ce ka gwada kyauta na kwana uku ko bakwai, amma ya nemi lambar katinka na ATM tun kafin ka taɓa komai, to izini ake nema a wurinka: izinin cire kuɗi daga asusunka duk sati, ko wata, ko shekara, har ranar da kai da kanka za ka ce a daina. Idan ka yi shiru, an ɗauka ka yarda.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne alat ya shigo ba tare da an turo lambar OTP ba, wato lambar sirrin da banki ke aikowa don tabbatar da biya, sai mutum ya ɗauka an yi masa kutse. Galibi ba kutse ba ne. Ranar da ka sa lambar katin, da ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun da ke bayansa, kamfanin da ke karɓar kuɗin ya ajiye katin a wurinsa. OTP ɗin da ka sa ranar, wataƙila a kan ₦50 ko ₦100 ko dala ɗaya da aka ce ta tantance kati ce, shi ne sa hannunka. Ba a sake tambayarka bayan wannan. A da, lokacin da yawancin bankuna suka rufe amfani da katin naira a shafukan ƙasashen waje, cirar takan ƙi tafiya da kanta. A tsakiyar 2025 wasu bankuna suka sake buɗewa, kuma tun 2023 Google Play ke karɓar katin Verve da naira, don haka wannan katangar ta faɗi.

Kafin ka danna

Nemi abu uku a shafin: nawa za a cire, yaushe za a fara, kuma sau nawa. Kamfanin ƙwarai yakan rubuta su kusa da maɓallin da za ka danna. Mai neman cuta yakan rubuta kalmar kyauta da manyan baƙaƙe, farashin kuma ya tura shi can ƙasa da ƙananan baƙaƙe masu launin toka.

Kula sosai da farashin sati. Manhajar gyara hoto, ko ta mayar da takarda PDF, ko ta VPN, da ke cewa ₦4,500 a sati, ba ta yi kama da mai tsada ba sai ka ninka sau 52, ka ga ₦234,000 a shekara, a kan aikin da wayarka ma wataƙila tana yi kyauta. Idan da dala aka rubuta, da canjin bankinka na ranar cirar za a lissafa maka, ba da farashin da ka ji a wurin 'yan canji na Zone 4 a Abuja ba.

Akwai kuma tsarin shekara da ake biya wata-wata. Ka ga farashin wata, ka ɗauka duk lokacin da ka ga dama za ka fita, ashe yarjejeniyar wata 12 ka shiga, fita kafin lokaci kuma sai da tara. A kan irin wannan ne gwamnatin Amurka ta kai kamfanin Adobe kotu a watan Yunin 2024, bisa zargin ɓoye kuɗin fita. Amazon ma, wanda hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta zarga da shigar da mutane tsarinsa na biyan kuɗi mai suna Prime ta dabara da kuma wahalar da masu son fita, ya amince a Satumban 2025 zai biya dala biliyan 2.5, ko da yake bai amsa laifi ba. Idan manyan ke nan, ka ƙiyasta na ƙananan da ko adireshi ba su da shi.

Wanda ya fi muni shi ne tallan Facebook ko Instagram na maganin rage ƙiba ko man gyaran fata da ake cewa samfur ne kyauta, kuɗin kawowa kawai za ka biya. Sau da yawa akwai ɗan akwati da an riga an sa masa alamar yarda a madadinka, wanda ke nufin a riƙa aiko maka duk wata ana cirewa. Agogo yana ƙirga mintuna, ana ce maka saura kwalba biyar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rufe shafin kawai.

Idan dai sai ka gwada

Kada ka sa katin asusun da albashi ko kuɗin kasuwa ke shiga. Ware asusu guda wanda ba ka barin fiye da ₦1,000 ko ₦2,000 a ciki, ko ka ƙirƙiri katin intanet a manhajar banki, irin wanda ake iya daskarewa ko gogewa. Sai dai ka sani, cirar da ta ƙi tafiya yau za a sake gwada ta gobe da jibi, kuma duk ranar da kuɗi suka faɗa asusun za a kwashe. Wasu katunan dala ma suna cajin mai kati idan cira ta ƙi tafiya saboda babu kuɗi.

Ɗauki hoton allon da ke nuna farashi da ranar ƙarewar gwajin. Sannan, kafin ka ajiye wayar, je ka soke. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. A Google Play, idan ka soke yawanci za ka ci gaba da amfani har kwanakin su cika. A iPhone wasu ayyukan, musamman na Apple kansa, sukan yanke nan take. Idan haka ne, sa ƙararrawa kwana biyu kafin wa'adi, domin Apple na so a soke aƙalla awa 24 kafin gwajin ya ƙare. Kada ka bari sai ranar ƙarshe, don agogon kamfanin ba lallai ya yi daidai da na Abuja ba.

Inda ake sokewa

Goge manhaja daga waya ba ya soke komai. Fita daga akawun ma haka. Wurin da ka biya, nan za ka koma.

A Android, buɗe Play Store, taɓa hotonka a sama ta dama, shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, zaɓi manhajar, danna Cancel subscription. Idan ba ka ga komai ba, duba ko akwai wani Gmail a wayar. Wannan na yawan faruwa ga wanda aka buɗe wa imel a shagon waya a Banex ko Kasuwar Wuse, daga baya ya buɗe nasa. Rajistar tana kan tsohon, shi kuma yana nema a sabon. A iPhone, shiga Settings, taɓa sunanka, sai Subscriptions.

Idan kuma a shafin kamfanin ka sa katin kai tsaye, ba za ka gan shi a waɗannan wurare ba. Sai ka shiga akawun ɗinka a shafin, ka nemi sashen biyan kuɗi. A nan ne ake jan rai: a ba ka ragin rabi, a tambaye ka dalili, a nuna maka maɓallin dakatarwa na wata ɗaya a madadin sokewa. Ci gaba da dannawa har sai ka ga an rubuta an soke, imel ɗin tabbaci kuma ya shigo. Idan bai shigo ba, ɗauka ba a soke ba.

Masu cin katin waya su ma gwajin kyauta suke fara bayarwa: kiɗan jiran kira, sakamakon ƙwallo, wasanni, kwana ɗaya kyauta sannan ₦20 ko ₦50 kullum. Buga *305# ka ga abin da ke kan layinka ka tsayar. Tura STOP zuwa 2442 don rufe saƙonnin talla. Idan kamfanin layin bai warware ba, karɓi lambar ƙorafi a wurinsu ka kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne.

Idan an riga an cire

Fara sokewa, don kada a ƙara. Sannan nemi a mayar maka. A Google Play damar ta fi ƙarfi cikin awa 48 na farko; bayan nan yawanci za a tura ka wurin mai manhajar. Na Apple ana nema a reportaproblem.apple.com. Idan kamfani ne kai tsaye, rubuta musu imel da ranar cirar, adadin, da hoton da ka ɗauka.

Idan sun yi kunnen uwar shegu, je banki ka cike takardar ƙalubalantar cira, ka karɓi lambar ƙorafi. Faɗi gaskiyar abin da ya faru. Idan ka ce ba ka san cirar ba alhali kai ka sa OTP ranar farko, kamfanin zai kawo shaida, magana ta mutu. Hujjar da ke tsayawa ita ce ka soke amma aka ci gaba da cira, ko ba a bayyana maka farashin ba. Mai katin Visa na da ƙarin madogara, don tun Afrilun 2020 ƙa'idar Visa ta wajabta wa masu gwajin kyauta su sami amincewar mai kati a fili, su kuma ba shi hanya mai sauƙi ta sokewa ta intanet. Kada ka ja ƙafa, domin ƙalubalantar cira na da wa'adi, yawanci kwana 120.

Idan banki ya wuce sati biyu bai ce komai ba, rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN, ka haɗa da lambar ƙorafin da bankin ya ba ka. Ba tare da ita ba, wurin bankin za su sake mayar da kai. Idan kamfanin a Najeriya yake aiki, hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa kuma hedikwatarta ke nan Abuja, tana karɓar ƙorafi ta shafinta.

Toshe kati shi ne makamin ƙarshe, kuma ya dace da shafin da ba ya amsa saƙo, ba shi da maɓallin sokewa. Toshe shi ta manhajar banki ko lambar USSD ɗin bankinka, ka nemi sabo. Kafin nan, rubuta sauran abubuwan da ke cira daga katin da saninka, kamar kuɗin talabijin ko wurin ajiyar hotuna na Google, domin su ma za su tsaya har sai ka sa musu sabuwar lamba.