Maiƙon obin da kuɗin ajiyarku a Ingila

Idan kun kama gidan haya a Ingila, tun ranar da aka miƙa muku makulli ku buɗe obin ɗin kicin ku ɗauki hotonsa ciki da waje. Kuɗin ajiyar da kuka bayar na iya kaiwa na hayar mako 5, kuma ranar tashi za a gwada gidan da takardar da aka cike lokacin shigarku. Rashin tsafta na kan gaba cikin abin da ke sa a zaftare kuɗin nan, obin kuwa ba ya tsallake idon mai dubawa.

Girkinmu akwai mai. A gasa kaza da yaji, a gasa tsire da ƙuli-ƙuli, man ya yi ta fantsama, wuta ta bi ta ƙona shi har ya kafe ya yi baƙi ƙirin.

Maganin yana da arha. A kanti ku nemi hodar da aka rubuta wa bicarbonate of soda, 'yar'uwar kanwarmu ce. Ku kashe obin, ya huce sarai. Ku dama rabin kofi da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai, ku shafe ciki da shi, amma ku kauce wa ƙarfen da ke yin zafi, da fanka, da robar bakin ƙofa. Sai ku bar shi ya kwana. A nan mutane ke gaggawa, su ɗauko wuƙa ko soson ƙarfe su karce gilashi, alhali kwanan ne ke yin aikin. Da safe za ku ga ƙullun ya koma ruwan ƙasa. Ku goge da jiƙaƙƙen tsumma, ku fesa farin khal, wato white vinegar, a inda fari-fari ya rage, zai yi kumfa ya fita. In ya yi taurin kai, a maimaita.

Ragar ƙarfen kuwa a jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke.

Don Allah kada ku haɗa bilic da khal. Iskar da ke fitowa guba ce, ga kicin ɗin nan ƙanana, taga a rufe saboda sanyi. In kuka sayi maganin obin mai ƙarfi irin Oven Pride, yana cin fata: ku sa safar hannu, ku buɗe taga, yara su yi nisa.

Bayan kowane gashi, tun obin na da ɗan ɗumi, a bi shi da tsumma da sabulu kafin maiƙon ya daskare.