Yadda Ake Kare Kifin Kwami Daga Zalɓe Da Guza, A Kuma Shawo Kan Gansakuka

Duk wanda ya haƙa kwamin kifi a tsakar gida ko a lambu nan Jos, na ado ne irin su koi ko kuwa tarwada da karfasa na miya, abu biyu ne ke fara hana shi barci: kifi na raguwa ba a ga gawa ba, ruwa kuma ya koma kore shar kamar miyar kuka. Na daɗe ina ɗaukar su matsaloli daban-daban, har sai da na yi asarar kifi 11 cikin sati biyu a kwamina da ke Bukuru. Wani dattijo masunci a unguwarmu ya zo ya leƙa, ya ce mini kifina ba su da ɗaki. Gaskiyarsa. Kwamin a buɗe yake, ba zurfi, ba inuwa. Hasken ranar da ke nuna wa tsuntsu kifi shi ne ke raya gansakuka, shi ya sa aikin yake tafiya tare.

Da farko ka gane wane ne ɓarawon, don sai an san ciwo ake neman magani. Bayan magariba ka barbaɗa toka ko lallausan yashi kewaye da bakin kwamin, da safe ka duba sawu. Zalɓe yana barin dogayen yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, da farin kashi kamar an ɗiga farar ƙasa. Da sassafe yake zuwa, ko gab da faɗuwar rana. Ni da idona na gan shi bayan sallar asuba, tsaye cikin ruwa ƙyam kamar an kafa sanda, wuya a lanƙwashe, ya fi minti goma bai motsa ba. Ƙananan kifi haɗiye su yake yi ɗungurungum, manya kuma za ka gan su da huji a gadon baya inda baki ya soka ya kasa ɗagawa. Guza da rana yake fitowa idan gari ya ɗumama, sawunsa farce ne da layin jan wutsiya a tsakiya, kuma ya iya ninƙaya sosai. Masu gidaje kusa da rafi ko tsofaffin ramukan kuza na Rayfield da Bukuru su suka fi fama da shi. Kyanwa tana barin kai da ƙaya a gefe. Idan 'ya'yan kifi ne ke ɓacewa, ka zargi maciji, manyan kwaɗi da 'ya'yan mazari da ke rayuwa cikin ruwa.

Mataki na biyu shi ne zurfi. Zalɓe ba mai nutso ba ne, a tsaye yake farauta inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Kwamin ya kai santimita 80 zuwa mita 1, bangonsa a miƙe, ba gangare ba, ruwan kuma ya tsaya kamar santimita 30 ƙasa da baki, yadda ko kyanwa ta miƙa hannu ba za ta kai ba. A Jos zurfi yana da amfani na biyu. Garin yana kan tudu kimanin mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko kusa da digiri 10, kuma karfasa ba ta jure irin wannan. Ruwa mai zurfi ba ya saurin hucewa. Sai dai mai ƙananan yara a gida lallai ya kewaye kwamin da shinge mai ƙofa, wannan ba abin wasa ba ne.

Daga nan sai ɗakin da dattijon ya ambata. Ka nutsar da gutsattsarin bututun roba mai faɗi, bulo mai rami, ko tsohuwar randa da aka kifar aka fasa mata ƙofa a gefe. Ka goge kaifin wurin da ya fashe don kada ya yanki kifi. Da inuwar tsuntsu ta gifta, kowa zai shige.

Raga ita ce ta fi komai tabbas, amma yadda aka ɗaura ta shi ne magana. Idan ta kwanta a kan ruwa, zalɓe zai tsaya a kanta ya soki kifi ta cikin idon ragar. Ka kafa turaku, ka ja ta tam, ta ɗaga santimita 30 sama da ruwa, idonta kada ya wuce santimita 2, gefen kuma a danne shi da duwatsu. Wanda ba ya son raga ta ɓata masa kyan lambu zai iya zagaye kwamin da igiyar fatsa layi biyu, ɗaya a tsayin santimita 20 daga ƙasa, ɗaya a 40. Zalɓe yakan sauka nesa kaɗan ya tako da ƙafa, igiyar da ba ya gani tana firgita shi. Guza kuwa sai shingen waya mai ƙananan ido da aka binne gindinsa, a kuma nome ciyawa a kwashe tarin duwatsun da yake fakewa. Mutum-mutumi kwana kaɗan yake aiki, tsuntsu ya saba da shi. Guba kada ma a kawo maganarta, ruwan sama na farko zai wanko ta cikin kwamin.

Sai gansakuka. Ba kowane kore ne matsala ba, don haka ka gwada: tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan kana hango tafinka, ba komai. Idan ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannun, ta yi yawa. Haɗarinta da dare yake. Da rana tana ba ruwa iska, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, sai a wayi gari kifi sun taso sama suna buɗe baki. Ganin haka da asuba, a canza wani ɓangare na ruwan nan take, a dakatar da abinci ranar.

Abincin nan shi ne babban mai laifi, kuma a nan yawancinmu muke kuskure saboda tausayi. Duk abin da kifi bai ci ba, da kashinsa, taki ne ga gansakuka. Ka zuba abin da za su cinye cikin minti 5, ragowar a kwashe da rariya. Lokacin hunturu cinsu yana raguwa sosai, sai a rage, a kuma bari sai rana ta ɗaga. Akwai wata hanyar da ba a cika lura da ita ba: mu mutanen Jos ba ma rabuwa da kabeji, karas da dankalin turawa a bayan gida, kuma takin zamani da kashin kaji da muke zuba musu, damina na jawo su kai tsaye cikin kwami. Ka ɗaga bakin kwamin da bulo layi ɗaya, ka yi wa ruwan sama hanya ta gefe. Ganyen da ya faɗa a tsame kafin ya ruɓe.

Sannan inuwa. Bado da kainuwa su rufe rabin fuskar ruwan, ko su ɗan fi. Suna tare rana, suna tsotse takin da gansakuka ke nema, suna kuma ɓoye kifi daga shirwa da zalɓe. Kainuwa tana yaɗo da sauri, duk sati a rage ta a zuba a bola ko ramin taki, kada a jefa ta rafi.

Kowane sati ka fitar da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, ka zuƙo daga ƙasa inda dattin yake, ka ba shukoki. Kada a kwashe duka a wanke kwami tas, wannan yana kashe ƙwayoyin halitta masu tace ruwa, koren kuma ya dawo fiye da da. Ruwan famfo a bar shi ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro, sinadarin kulorin ya fice. Gansakuka mai kama da gashi, sanda mai kaushi za ka sa ka nannaɗe ta kamar taliya. Mai hali ya sa ƙaramin injin juya ruwa da matata, mai batir da sola ya fi, tunda da dare aka fi buƙatarsa. Soson matatar a wanke shi da ruwan kwamin, ba na famfo ba.

Maganin kashe gansakuka na kwalba ban ba kowa shawararsa ba. Idan ta mutu gaba ɗaya, ruɓewarta na shanye iskar ruwan, kifi su bi ta. Iri ɗaya ce ke buƙatar gaggawa: wadda ke kwanciya a sama kamar an zuba fenti, mai wari. Tana iya zama mai dafi, a hana awaki da kaji shan ruwan, a yaye ta da bokiti, a yawaita canjin ruwa.

Bayan an yi waɗannan, ruwa yakan ɗauki makonni kafin ya washe, kada a ƙosa. Siririn koren da ke manne a bangon kwamin kuwa a bar shi, karfasa da ƙananan kifi a nan suke kiwo.