Yadda zaka canza sensar totur, wato TPS, da hannunka

In motarka ta fara fizga in ka taka totur, ko silo na hawa da sauka shi kaɗai, ko giyar otomatik na shiga da dukan tsiya, ga wutar cek injin ta kama, toh akwai yiwuwar TPS ce. 'Yar ƙaramar sensa ce a gefen totur bodi, wato bututun da iska ke bi ta shiga injin, maƙale da sandar da ke buɗe murfin iska, ita ke gaya wa kwamfutar mota iya takun da ka yi.

Amma don Allah kar ka yi saurin sayen sabuwa, gwada ta tukuna, don sau da yawa datti ne kawai ko soket ya saki. In ka jona na'urar sikanin da ke karanta matsalar mota, galibi za ta baka lamba tsakanin P0120 zuwa P0124. Wayoyinta galibi uku ne, ɗaya mai kawo bolt 5, ɗaya ta as, ɗaya ta sigina. Murɗa makulli kar ka tada injin, ɗora mitar auna bolt kan ta siginar, in totur na a rufe zaka ga wajen bolt 0.5, kana buɗe totur a hankali tana hawa har wajen 4.5. In ta yi tsalle ko ta faɗi a tsakiyar hanya, shikenan ta cinye daga ciki.

Bari injin ya huce, cire kan batir na negetif, danna harshen soket ɗin ka zare, kar ka ja ta waya. Sukurori biyu ne yawanci, kuma nan ne rigimar take wallahi, don wasu an ɗaure su da gam daga kamfani, in bakin sukurudirebanka bai zauna daidai ba ka cinye kan sukurun toh aikin minti 20 ya koma na yini guda. Danna sosai kafin ka murɗa. Tunda ka riga ka buɗe wajen, samu tsumma da feshin wanke kafireto ka goge baƙin da ke bakin murfin.

Wajen ɗaura sabuwar, duba yadda tsohuwar ta zauna, harshen sandar dole ya shiga gurbinsa, in ta ƙi zama juya ta kaɗan, banda dole. In ramukan sukurun dogaye ne to mai saiti ce, ɗaure sama-sama, jona soket da batir ka murɗa makulli, juya ta har mita ta nuna adadin da littafin motarka ya ce, sannan ka matse.

Mayar da soket da batir, goge lambar matsalar da na'urar sikanin, bar motar a silo na 'yan mintuna kwamfuta ta saba da ita, sai ka fita gwaji.

Af, in motarka irin ta zamani ce mara wayar ƙarfen da ke jan totur daga feda, sensar galibi a haɗe take da totur bodin, gaba ɗayansa ake canzawa.