Ku duba nau'in furosesa kafin ku sauke babbar manhaja

'Yan uwa, kafin ku kashe data wajen sauke Windows ko Linux, ku fara tabbatar da nau'in furosesar da ke cikin kwamfutarku, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukanta.

A Windows, ku shiga Settings, sannan System, sannan About, ku karanta abin da aka rubuta a gaban System type. Idan kun ga x64, furosesar Intel ce ko AMD mai 64-bit, idan kuma ARM kuka gani, sai ku nemi sigar ARM64.

Dalili shi ne kowane nau'in furosesa yana da umarnin da yake ganewa, saboda haka manhajar da aka gina don ARM ba za ta tashi a kan Intel ba, haka kuma ta 64-bit ba za ta hau furosesa mai 32-bit ba. Ɗora ta 32-bit a kan furosesar Intel ko AMD mai 64-bit yana yiwuwa, amma a ganina asara ce, domin Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) fiye da gigabait 4, ko da kun saka 16.

Sai dai wannan dubawa ba ta wadatar a kowane lokaci. Windows 11, wadda ta fito a 2021, 64-bit kaɗai take zuwa, kuma tana buƙatar TPM 2.0 (wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta), don haka tsohuwar kwamfuta mai x64 tana iya ƙin karɓarta. Masu Linux kuma ku rubuta umarnin lscpu don ganin nau'in furosesarku, ba umarnin uname -m ba, domin uname -m nau'in manhajar da aka riga aka ɗora yake nunawa.