Yadda Ake Haɗa Agushi da Wake a Gona Ɗaya

Agushi da wake suna zama lafiya a gona ɗaya idan manomi ya raba musu wuri, domin ɗaya yaɗo yake yi a ƙasa, ɗayan kuma ana so ya tsaya a kan ƙafarsa. Saboda haka matakin farko shi ne zaɓen iri. A nemi wake mai tsayuwa da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75, irin waɗanda cibiyoyin binciken aikin gona na IAR da ke Samaru da IITA suka fitar, a guji wake mai yaɗo kamar kanannado, wanda zai sarƙe da agushi har tsinkar kowannensu ta gagara.

A zaɓi ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Bayan huɗa, a shuka wake kunya biyu a jere, a bar ta uku ga agushi, ana ba da kamar santimita 20 tsakanin ramukan wake, da mita ɗaya ko fiye tsakanin na agushi, sannan a cire a bar tushe biyu a rami.

Batun taki ne mutane suka fi kuskurewa. Saiwar wake tana da ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, amma yawancin abin da aka kamo yana tafiya cikin ganye da ƙwayar waken, ba ya isa ga agushin da ke kusa a wannan daminar. Don haka agushi yana buƙatar takin gargajiya ko ɗan NPK a gindinsa, wake kuma takin Supa, domin yuriya mai yawa ganye kawai za ta sa shi. Ribar ƙasa sai baɗi ake ganinta a jikin gero ko dawa, musamman idan an bar saiwa da ganyen da suka zube sun ruɓe a gonar, ba a kwashe komai tare da harawa ba.

A yi noman firi da wuri, kafin yaɗo ya rufe kwarin kunya. Daga nan ganyen agushi ne zai danne ciyawa, ya riƙe danshi, ya kuma rage zaizayar ƙasa.

Ina roƙon manoma su kula da feshi. Wake yana buƙatar magani lokacin fure, agushi kuwa ba ya ƙulla 'ya'ya sai ƙudan zuma sun ziyarci furensa da safe, saboda haka a yi feshi da yamma kawai.

Wajen girbi, kowane amfanin zai kasa abin da zai bayar da shi kaɗai aka shuka, sai dai idan aka haɗa buhunan biyu, galibi sukan zarce na shuka ɗaya a fili mai girma ɗaya. A fara tsinke wake a hankali ba tare da taka yaɗo ba, a bar agushi sai ganyensa ya bushe.